Ƙiyasin Kuɗin da Zai Riƙe Ma'aikaci Bayan Ritaya a Arewacin Nijeriya

Tsakure

Wannan takarda ta duba yadda ake ƙiyasta kuɗin da mutum zai buƙata bayan ya ajiye aiki, ta auna hanyoyin da halin da gidan ma'aikaci yake ciki a arewacin Nijeriya. Ta nuna cewa ƙa'idoji biyu da suka fi yawo a bakin masu ba da shawara, wato kashi 70 na albashi da cirar kashi 4 a shekara, an gina su ne a kan tattalin arziki da tsarin iyali da ba namu ba. A madadinsu ta kawo lissafin da ke farawa daga hidimar gida, a farashin yau, ta kuma gwada shi a kan tsarin fansho na karo-karo.

Gabatarwa

Ma'aikacin gwamnatin tarayya yana ajiye aiki idan ya cika shekara 60 da haihuwa ko 35 yana aiki, duk wadda ta riga zuwa. Dokar 2022 ta ɗaga wa malaman makaranta zuwa 65 ko 40, farfesoshi kuwa suna kaiwa 70. Kowa ya san ranar fitarsa tun yana sabon ɗauka. Abin da ba kasafai ake zama a lissafa ba shi ne nawa za a buƙata daga wannan rana zuwa ƙarshen rayuwa.

A tsohon tsari ba a damu da wannan lissafi ba, domin gwamnati ce ta ɗauki nauyi. Wanda ya cika shekara 35 yana da fanshon kashi 80 na albashinsa na ƙarshe da giratutin kashi 300. Matsalar ita ce biyan, kuma da yawa daga cikinmu mun ga layin tsofaffi a bakin ofisoshin tantancewa. Dokar gyaran fansho ta 2004, wadda ta 2014 ta maye gurbinta, ta juya al'amarin. Yanzu ma'aikaci yana da asusu da sunansa, ana zuba masa kashi 18 na albashin asali da kuɗin gida da na sufuri: kashi 8 daga aljihunsa, 10 daga wanda ya ɗauke shi aiki. Abin da ya taru shi ne nasa. Idan ya isa, madalla. Idan bai isa ba, babu wanda ya yi masa alkawarin cikawa. Ke nan ƙiyasin ya zama aikin mai asusu, ko ya iya lissafi ko bai iya ba.

Ƙa'idoji biyu na aro

Tushen tunanin ya koma ga Franco Modigliani da Richard Brumberg, waɗanda a 1954 suka bayyana cewa mutum yakan tara a shekarun ƙarfinsa don ya ci a shekarun rauninsa, ta yadda rayuwarsa ba za ta faɗi warwas ba ranar da albashi ya tsaya. Daga nan aka samu ƙa'idar farko: wanda ya yi ritaya yana buƙatar kashi 70 zuwa 80 na abin da yake samu. Hujjar ita ce a shekara 65 Ba'amurke ko Bature ya gama biyan bashin gida, 'ya'yansa biyu sun kama gabansu, zirga-zirgar zuwa aiki ta ƙare. Ƙungiyar Ƙwadago ta Duniya, a yarjejeniyarta mai lamba 102 ta 1952, ta sa mafi ƙarancin fansho a kashi 40 bayan shekara 30 ana zubi.

Ta biyu ta fito daga William Bengen, mai ba da shawarar kuɗi a Amurka, a 1994. Ya bi tarihin kasuwar hannun jari da takardun lamunin gwamnatin Amurka tun daga 1926, ya gano cewa wanda ya ciri kashi 4 na ajiyarsa a shekarar farko, yana ƙara gwargwadon tashin farashi duk shekara, kuɗinsa zai kai shi shekara 30 ko da ya faɗo a mummunan zamani. Wasu malamai uku na Jami'ar Trinity da ke Texas sun ƙarfafa sakamakon a 1998. Idan aka juya lissafin, ma'anarsa ita ce a tara ninki 25 na hidimar shekara.

Aikin Bengen ba shi da aibi a inda aka yi shi. Amma ya tsaya ne a kan ƙasar da matsakaicin tashin farashi yake kusan kashi 3 a shekara, kuma jari yake haifar da ribar da ta zarce shi idan aka ɗauki dogon lokaci. A Nijeriya, daga Fabrairun 2016 zuwa ƙarshen 2024, alƙaluman Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa ba su taɓa nuna hauhawar farashi ƙasa da kashi 11 ba. A Disambar 2024 ta kai 34.80, bayan cire tallafin mai a Mayun 2023 da sakin naira a watan da ya biyo. Saukar da aka gani zuwa 24.48 a Janairun 2025 ta zo ne da sauya shekarar da ake aunawa da ita, ba don kaya sun yi sauƙi a kasuwar Dawanau ba. Masu dogon tunani za su tuna 1995, lokacin da ta haura kashi 70.

Ribar gaske

Duk lissafin ritaya yana rataye ne a kan lamba guda: abin da ya rage na riba bayan an cire hauhawar farashi. Asusun da ya ƙaru da kashi 16 a shekarar da farashi ya tashi da kashi 30 bai ƙaru ba, raguwa ya yi, duk da cewa saƙon da ke shigowa waya yana nuna lamba mafi girma. Kuɗin fansho a Nijeriya ya haura naira tiriliyan 22 a ƙarshen 2024, kuma fiye da rabinsa yana cikin takardun lamunin gwamnatin tarayya. A 2023 da 2024 yawancin asusun ba su kamo hauhawar farashi ba.

Bari mu ga abin da wannan lamba take yi wa tsarin karo-karo. A ce ma'aikaci ya yi shekara 35 ana zuba kashi 18 ba fashi, albashinsa yana tafiya kafaɗa da kafaɗa da farashi, kuma zai ci kuɗin a shekara 20. Idan ribar asusun ta yi daidai da hauhawar farashi, ba ci ba asara, zai tarar da albashin shekara 6.3. A raba wa shekara 20, fanshonsa kashi 31.5 ne na albashi. Idan ya karɓi dunƙulen farko, wanda a aikace yakan kama kusan kashi 25, abin da zai riƙa samu ya sauko ƙasa da kashi 24. Idan ribar gaske ta kai kashi 2 a duk tsawon lokacin, zai tara albashin shekara 9, fanshon ya kai kashi 55. Idan kuwa asusun yana asarar kashi 3 a shekara, abin da zai tarar bai kai albashin shekara 4 ba, fanshon kuma kashi 14 ne kacal. Mutum ɗaya, zubi ɗaya, amma sakamakon ya tashi daga 14 zuwa 55 saboda tazarar maki biyar da ba ta hannunsa.

Akwai ƙarin abu biyu da suke rage waɗannan lambobi. Alawus da yawa ba sa cikin abin da ake cire wa kashi 18, alhali da su ake cefane. Sannan albashin ƙarshe ya fi na farko nesa ba kusa ba, don haka zubin shekarun farko ƙanƙane ne idan aka auna shi da rayuwar da mutum ya saba da ita a ƙarshe.

Shi kansa albashin ma ma'auni ne mai santsi. Mafi ƙarancin albashi ya tashi daga naira 18,000 a 2011 zuwa 30,000 a 2019, zuwa 70,000 a 2024. Naira 30,000 a canjin 360 ta haura dala 80. Naira 70,000 a canjin 1,500 ba ta kai dala 50 ba. Wanda aka ce masa zai samu kashi 70 na albashin da tun yana aiki bai kai shi ƙarshen wata ba, ba a faɗa masa komai ba. Wannan ne dalilin da ya sa nake ganin a daina farawa daga albashi.

Bayan ritaya kuma farashi ba ya tsayawa. Idan aka raba 72 da lambar hauhawar farashi, za a samu shekarun da farashi zai ninka. A kashi 18, shekara 4 ne. Cikin shekara 20 ya ninka sau 5, wato 32. Fanshon naira 100,000 da bai motsa ba zai sayi abin da naira 3,125 take saya yau. Wannan ya shafi zaɓin da doka ta ba mai ritaya, tsakanin cirar wata-wata a hannun kamfanin da ke kula da asusunsa, da sayen fansho na har abada a kamfanin inshora. Na inshora ba ya yankewa muddin rai, amma yawanci lambarsa a tsaye take. Na wata-wata hukumar fansho ta ƙasa, PenCom, takan amince a ƙara shi idan asusun ya yi riba, amma yana iya ƙarewa kafin mai shi. Sashe na 173 na tsarin mulki ya ce a riƙa duba fansho duk shekara 5 ko duk lokacin da aka duba albashi, sashe na 210 ya faɗi haka ga jihohi. Mai hankali ba zai sa wannan a cikin lissafinsa ba sai ya gani a hannu.

Maƙwabtanmu sun nuna cewa matsalar ta kuɗin ce, ba ta al'ada ba. Ma'aikaci a Maraɗi da takwaransa a Katsina gidansu iri ɗaya ne, hidimarsu iri ɗaya, amma sefa tana ɗaure da yuro a kan 655.957 tun 1999, don haka fanshon na Maraɗi ya fi riƙe darajarsa. Su ma sun ɗanɗana a Janairun 1994, da aka karya darajar sefa da rabi a dare ɗaya.

Gidan da ba ya raguwa

Ƙa'idar kashi 70 ta ɗauka cewa hidima tana raguwa ranar ritaya. A gidan Bahaushe sau da yawa ranar ce take kan ganiyarta. Mutumin da ya yi aure yana da 28, ya ƙara aure yana da 45, zai kai 60 da ɗa a jami'a, 'ya a bakin aure, da auta a firamare. Ga marayun ɗan'uwa, ga tsohuwa idan Allah ya ja kwananta, ga 'yar da aure ya mutu ta dawo da goyo. Kayan ɗaki da gara suna wuyan uba. Ragon layya, ɗinkin Sallah, gudummawar biki da suna da ta'aziyya, duk ba a yafe wa mutum su don ya ajiye aiki. A wasu dangin ma sai a ce ai yanzu ya karɓi giratuti.

Sai tsawon lokaci. Ana yawan jin cewa matsakaicin rayuwar ɗan Nijeriya bai wuce shekara hamsin da 'yan kai ba, sai mutum ya ce to me zai tara wa shekara 80? Wannan kuskuren karatu ne. Mutuwar ƙananan yara ce take jan lambar ƙasa. Wanda ya riga ya kai 60 ya tsallake wannan, kuma a matsakaici yana da fiye da shekara 10 a gaba, wasu ninkin haka. Ajali na Allah ne, amma tanadi ana yin sa ne don doguwar rayuwa, domin ita ce mai cin kuɗi.

Kuma ba ran maigida kaɗai ake lissafawa ba. Mata yawanci sun fi mazajensu ƙuruciya, wani lokaci da shekara 10 ko 20. Idan ya rasu ya bar 'ya'ya, rabon matar aure a gado tumuni ne, kuma idan su biyu ne ko huɗu, wannan tumunin za su raba. Ragowar asusun cirar wata-wata yana komawa ga magada, na inshora kuwa ana biyan magada ne kawai idan mutuwar ta zo cikin shekara 10 na farko. Saboda haka tsawon lissafi ya kamata ya bi shekarun ƙaramar matar, ba na mijin ba. Na lura wannan batu ba ya samun wuri a tarurrukan shirya ma'aikata don ritaya, wataƙila saboda masu jawabin da masu sauraron duk maza ne.

Lafiya ita ce ramin da ba a ganin ƙasansa. Fiye da kashi 70 na kuɗin da ake kashewa a kan lafiya a Nijeriya daga aljihun marar lafiya yake fita. Hawan jini da ciwon suga magani suke so kowane wata, kuma farashin magani yana bin dala. Dokar inshorar lafiya ta 2022 ta wajabta inshora ga kowa, amma ma'aikaci ya bincika tun da wuri ko rajistarsa za ta ci gaba bayan sunansa ya fita daga takardar albashi.

Akwai kuma zakka. Musulmin da ya ajiye tsabar kuɗi ko zinare da ya kai nisabi, kimanin giram 85 na zinare, zai fitar da kashi 2.5 duk shekara. Wajibi ne, don haka wurinsa cikin lissafi, a cire shi daga ribar gaske tun farko. Masu gudun kuɗin ruwa kuma suna da asusu na musamman da PenCom ta buɗe a 2021, wanda ke zuba jari a sukuk da makamantansa. Shi ma ana auna shi da ma'aunin nan na hauhawar farashi.

Gwajin lissafi

Hanyar da nake ba da shawara ita ce a yi komai da farashin yau, a ɗauka ribar gaske sifili ce, wato duk abin da aka ajiye zai riƙe darajarsa kawai. Ga wanda ajiyarsa take banki wannan ma kyautata zato ne. Lambobin da ke tafe misali ne na ƙirƙira don a ga yadda hanyar take aiki. Kowa ya sa nasa.

A ce ma'aikaci ne mai shekara 52, saura shekara 8 ya fita, matarsa tana da 42. Ya rubuta abin da gidan yake ci na wata uku, abinci da wuta da ruwa da sufuri da magani da zumunci, ya samu naira 250,000 a wata, miliyan 3 a shekara. Tsawon lissafi shekara 25. Shekara 10 na farko gidan a cike yake: miliyan 30. Shekara 15 na baya yara sun ragu, a ce miliyan 2 a shekara: wata miliyan 30. Sai manyan hidimomi masu lokaci. Karatun yara 3 a babbar makaranta, shekara 4 kowane a kan 600,000, miliyan 7.2. Aurar da 'ya'ya mata 2, miliyan 5. Kujerar Makka miliyan 8.5, kusan abin da maniyyatan arewa suka biya a 2025, alhali a 2023 ba ta kai miliyan 3 ba. Ajiyar rashin lafiya, hidimar shekara guda, miliyan 3. Jimla miliyan 83.7.

Daga nan sai a cire abin da zai shigo ba daga fansho ba. Hayar shago 2, 600,000 a shekara, miliyan 15. Amfanin gona na 500,000 a shekara, na shekara 15 da yake da ƙarfin kula da ita, miliyan 7.5. Saura miliyan 61.2. Idan albashin da ake cire wa fansho 200,000 ne a wata, kuma asusun ya kai wancan ninki na 6.3, zai tarar da miliyan 15.1. Giɓin miliyan 46 ne. A raba wa shekara 8, miliyan 5.8 a shekara, fiye da ninki biyu na albashin.

Wani zai ce to mene ne amfanin lissafin da ƙarshensa karyar da gwiwa? Amfaninsa shi ne yana nuna inda za a taɓa. Wannan mutum ba zai cike giɓin da adashi ba. Amma sana'ar da za ta kawo 100,000 a wata na shekara 10 bayan ritaya ta rage miliyan 12. Ƙarin shago ɗaya ya rage miliyan 7.5. Ya kuma ga cewa dunƙulen farko, wanda bai kai miliyan 4 ba, ba zai yi hajji da aure da jarin kaji a lokaci guda ba, gara ya zaɓa tun yanzu. Ya ga cewa ƙara aure a 55 ba lissafin sadaki da lefe ba ne, lissafin ƙarin shekara 20 ne a kan tsawon. Tun ran gini, tun ran zane.

Haya da gona da kiwo suna da fifiko guda a kan takarda: kuɗinsu yana tashi tare da farashi. Amma a lissafa su da taka-tsantsan. Wanda gonarsa take wasu yankunan Zamfara ko Katsina ya san cewa mallakar gona daban, iya zuwa gonar daban, haka ma mai shanu a daji. A rubuta abin da ya shigo hannu a shekaru ukun da suka wuce, ba abin da ake fata ba. Taimakon 'ya'ya kuwa, addini da al'ada sun ɗora musu, kuma da yawa suna yi. Sai dai binciken Hukumar Ƙididdiga na 2022 ya sa mutum miliyan 133 cikin talauci mai fuskoki da yawa, kashi 65 nasu a arewa. Ɗan da yake neman aiki yana da 30 yana ɓangaren hidima ne a lissafin, bai koma ɓangaren shiga ba tukuna.

Abu na ƙarshe da za a ƙara shi ne kuɗin jira. Tsakanin albashin ƙarshe da fanshon farko akan samu tazara, musamman ga waɗanda suka fara aiki kafin 2004, da sai gwamnati ta saki haƙƙinsu na tsohon tsari kafin a buɗe musu asusun. Abincin shekara guda a ajiye, a buhu ko a abin da za a iya sayarwa da sauri, yana hana a karyar da fili a farashin wulaƙanci. Kuma a sake lissafin gaba ɗaya duk shekara bayan girbi, domin a hauhawar kashi 20 lambar bara ta riga ta tsufa.

Ɗan kasuwa da manomi da mai sana'ar hannu, waɗanda su ne mafi yawa, hanyar ɗaya ce gare su, sai dai layin fansho sifili ne, in ban da wanda ya shiga ƙaramin tsarin fansho da aka ƙaddamar a 2019, inda a lokacin aka ba da damar cirar kashi 40 don lalura a bar 60 don tsufa.

Ga masu bincike, jihohi uku maƙwabta sun ba mu wurin gwaji a shirye. Jigawa da Kano suna karɓar zubi daga ma'aikaci da gwamnati amma suna biyan fansho a kan albashin ƙarshe, Kaduna kuwa ta koma tsarin asusun kowa da kowa tun 2017. Idan aka bi gidajen waɗanda suka yi ritaya a mataki ɗaya a shekara ɗaya a jihohin uku, aka rubuta abin da yake shiga da abin da yake fita, da yawan bakin da ake ciyarwa, da watannin da aka yi ana jira, za a samu ma'aunin da kamfanonin fansho za su iya amfani da shi su riƙa faɗa wa mai asusu wata nawa kuɗinsa zai ciyar da gidansa, maimakon naira nawa ya tara.